Yadda Innarku Ta Koyi Rubuta wa Nafisa

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tsakaninku, ku ƴaƴana, wadda nake so in gyara tun hannuna yana iya riƙe bik in yi rubutu. Bara, ranar sunan ɗan Sani, na ji shi Sanin da kunnena yana faɗa wa abokansa wai ni ne na koya wa Innarku rubutun Ingilishi. Na yi shiru a lokacin, don maganar ta yi mini daɗi, ga baƙi suna ta kallona suna gyaɗa kai. Amma ba haka aka yi ba. Abin da na yi a cikin lamarin kaɗan ne, kuma rabin wannan kaɗan ɗin ɓarna ce.

Shekarar da abin ya faru ita ce ta biyu bayan na aje aiki. Na yi shekara talatin da wani abu a biro, wato ofis, ina rubuta wasiƙun gwamnati da Faransanci, har ana kawo mini na wasu in gyara. Ingilishi kuwa na yi shi a lise, makarantar sakandare, a Damagaram, na iya karanta shi daidai gwargwado, kuma ina ji da wannan ba kaɗan ba. Ita Innarku a aji huɗu ta tsaya a lakkwal, can Maradi, lokacin da mahaifiyarta ta kwanta ciwo, girki da rainon ƙanne suka dawo kanta. Abin da ya rage mata shi ne baƙaƙen boko da ɗan Faransancin kasuwa. Da shi take riƙe rumfarta ta yaji da daddawa da kayan ƙanshi a gefen kasuwar Petit Marché, nan Yamai, inda kowa ya san ta da Hajiya Mariyama.

Ƴar'uwarku Hadiza tana Kumasi da mijinta tun bayan aurensu. Ƴarta ta fari, Nafisa, tana da shekara huɗu sanƙarau ya kama ta. Allah ya tashi kafaɗunta, amma jinta ya tafi gaba ɗaya. Ɗan abin da ta fara iya faɗa na Hausa ya bi ya zube. Suka sa ta makarantar kurame ta can, ta koyi maganar hannu da rubutun Ingilishi, kuma an ce tana da kai sosai. Mu dai abin da muka sani game da ita shi ne hotuna, da abin da uwarta ta ga dama ta faɗa mana.

Kun san al'adar Innarku ta ranar Juma'a. Bayan la'asar takan zauna ta ɗauki salula ta yi wa jikoki vokal, saƙon murya, ɗaya bayan ɗaya, ta kira kowa da sunan tsokanar da ta laƙaba masa, ta yi masa waƙa, ta ce wane ya ci mata bashin gaisuwa, wance ta yi ƙiba kamar tulu. Ƙannen Nafisa biyu suna samun nasu. Ita kuwa sai dai a ƙarshe a ce, "A gaishe mini da Nafisa." Ba da mugun nufi ba. Babu wanda ya taɓa zama ya yi tunanin yadda abin yake daga ɓangarenta.

Wata Lahadi bayan mun ci abincin rana Hadiza ta kira. Na ji muryarta ba kamar kullum ba, Innarku ma ta ji, don nan take ta aje kwanon da ke hannunta.

"Inna, akwai abin da yarinyar nan ta rubuta mini, na rasa amsar da zan ba ta."

"Me ta ce?"

"Jiya ƙannenta suna sauraron vokal ɗinki suna ta dariya, ita tana kallonsu. Sai ta ɗauko takarda ta rubuta, wai in tambaye ki ko kin san tana nan."

Innarku ta miƙo mini salular, ta tashi ta shiga ɗaki. Nafisa tana da shekara goma sha ɗaya a lokacin.

Ni ne na kawo dabarar farko. Na ce abu mai sauƙi ne, ta faɗa mini abin da take so, ni in rubuta da Ingilishi a aika da sunanta. Ta yarda. Ta zauna tana faɗa, ina rubutawa, amma sai na ga maganarta duk tsokana ce da shirme irin na kaka da jika, ban san yadda ake sa irin wannan cikin Ingilishi ba, kuma a raina na ga bai dace a aika wa ɗaliba ba. Sai na gyara. Na buɗe da fatan wasiƙar za ta same ta cikin ƙoshin lafiya, na ja hankalinta kan biyayya ga iyaye da dagewa a karatu, na rufe da gaisuwa irin wadda nake rufe wasiƙun biro da ita. Kwana biyu bayan nan Hadiza ta kira tana dariya har da tari.

"Baba, ta ce wannan ba Kaka ba ce. Ta ce shugaban makarantarsu ne ya rubuta."

Ni ban ga abin dariya ba. Innarku ma ba ta yi dariya ba. Ta dube ni ta ce,

"Alhaji, me ka rubuta mata? Ina maganar da na ce hancinta irin nawa ne, ta yi haƙuri?"

"Hajiya, ba a rubuta irin wannan a wasiƙa."

"To ni irin wannan nake so in faɗa mata."

Washegari da ta taso daga kasuwa sai ga ta da kaye, littafin rubutu irin na ƴan makaranta, mai shuɗin bango da bik biyu a cikin kwandon cefane, tsakanin albasa da tattasai. Ba ta shigo gida da su kai tsaye ba. Ta wuce gidan maƙwabciyarmu Madam Fati, wadda take koyar da Ingilishi a kwaleji. Madam Fati haifaffiyar Yamai ce, Bazabarma, Hausarta irin ta kasuwa, ba ta raba "kai" da "ke", har Innarku takan tsokane ta a kan haka. Ina zaune a ƙofar gida na ji su ta saman katanga.

"Fofo, Hajiya. Wa za a sa lakkwal?"

"Ni ce, Madam. So nake in iya rubuta wa jikata da hannuna. Ba na son jarrabawa, ba na son takardar shaida. In zai yiwu ki faɗa mini gaskiya, in ba zai yiwu ba ki faɗa mini."

"Zai yiwu, amma ba da darasin ran Asabar ba. Kullum ne. Layi uku kowace rana, abin da ya faru da kai a ranar. Ko akwai kuskure, kar ka yaga takarda. Ran Laraba da ran Asabar ka kawo mini in gani."

Haka aka fara. Bayan sallar asuba takan yi karatunta na Alƙur'ani kamar yadda ta saba, sannan ta shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaron tsakar gida, ta kifa tiren shayi a cinya, ta ɗora kaye a kai. Madam Fati ta ara mata wani ƙaramin ƙamus na Faransanci da Ingilishi wanda bangonsa ya cire. Sai ta nemo kalma a ranta da Hausa, ta juya ta zuwa Faransancin da ta sani, sannan ta bi ƙamus da yatsa har ta samo ta. Layi uku sukan ci mata awa ɗaya da rabi a farkon lamarin. Ina kallonta ta taga, leɓɓanta suna motsi, tana danna bik kamar mai soka allura a fata. Abin da take rubutawa bai wuce na tafi kasuwa, na sayar da yaji, rana ta yi zafi ba. Idan ta gama sai ta ɗauki hoton shafin ta aika wa Hadiza. Nafisa takan amsa da kalma biyu ko uku, wani lokaci da ɗan zanen fuska mai murmushi. Innarku takan ɗauki wannan amsa ta yini tana dubawa.

A sati na uku na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Ta fita ta bar kayen a kan tabarma, na ɗauka na buɗe. Kurakurai ne ko'ina, jiya da yau duk sun cakuɗe, haruffa sun juya baya. Na ɗauko jan bik ɗina na biro, na zauna na bi shafi goma sha tara ɗaya bayan ɗaya, na ja layi, na zagaye, na rubuta daidai a sama. A raina taimako nake yi. Da ta dawo ta buɗe, ta daɗe tana kallon shafukan, sun yi jawur. Ta rufe a hankali.

"Wa ya sa ka?"

"Gyara na yi miki. In za a yi abu a yi shi daidai. Yarinyar nan ɗaliba ce, kada ki koya mata kuskure."

"Alhaji, shekara nawa kana da Ingilishin nan a cikinka? Ni sati uku gare ni. Ka bar ni da nawa."

Kwana huɗu ba ta fito gindin dogon yaro ba. Na ɗauka ta bari, kuma in faɗi gaskiya, wani ɓangare na zuciyata ya ji sanyi, don ya fara yi mini nauyi ganin tana yin abin da ni ban yi ba. Daga baya Madam Fati ce ta faɗa mini ko rana ɗaya ba ta tsallake ba. A kicin take rubutawa, a tsugune, ta tura kayen bayan buhun gero idan ta ji motsina. Madam Fati ta tare ni a ƙofar gida, ba ta ko tsaya dogon gaisuwa ba.

"Alhaji, ni shekara ashirin ina koyarwa. Kuskure ɗaya nake gyara mata a sati, ɗaya tak, sauran in bar su sai lokacinsu. Ka ɓoye jan bik ɗin nan, don Allah."

Na ɓoye shi. Wannan ita ce gudummawata mafi girma a karatun Innarku, ku rubuta ku aje.

Kada ku ɗauka abin bai ci mata komai ba. Cinikin kayan miya na safe ne. Matan da suke dafa abincin sayarwa tun da duku-duku suke zuwa, kuma su ne manyan masu sayenta tun shekaru. Da ta fara isa kasuwa sai hantsi ya ɗaga, suka jira ta sati ɗaya, biyu, suka koma rumfar gaba. Wasu ba su dawo ba har yau. Abokan zamanta suka sa mata suna ƴar lakkwal, in ta iso sai wata ta ce a tashi a gaida Madam. Idanunta suka fara ruwa, sai da muka je likita aka ba ta tabarau, abin da ta daɗe tana ƙi. Wanda ya fi yi mata ciwo shi ne maganar yayarta Hajiya Balki, da ta zo daga Maradi ta kwana biyu a wurinmu, ta gan ta da kaye da sassafe.

"Mariyama, a shekarunki ai guzurin lahira ya kamata ki tara, ba yaren Nasara ba."

"Yaya, karatuna na Alƙur'ani ban rage ko aya ba. Amma in Allah ya tambaye ni zumunci, me zan ce game da yarinyar da take tambaya ko na san tana duniya?"

Hajiya Balki ba ta sake ɗaga maganar ba. Ranar da za ta koma ma sai ta ce a rubuta wa yarinyar tana gaishe ta.

Aka shiga bazara, zafin Yamai da kuka sani, kuran, wutar lantarki, yana ɗaukewa salula ta mutu, sai ta tara shafuka uku ta aika a tare. Aka yi azumi, ta mai da rubutun bayan sahur da asuba, ido yana lumshewa. Layi uku suka zama biyar, suka zama rabin shafi. Ta fara sa tsokana. Ta rubuta wa Nafisa maganar hancin nan da na hana, Nafisa ta aiko da hoton hancinta daga gefe, ta ce nata ya fi. Duk da haka ina lura amsoshin yarinyar gajeru ne, irin na mai ladabi da baƙo.

Abin ya canza ne da rasuwar Kawunku Isa. Da hantsi aka kira mu, kafin azahar mun shiga kar, babbar motar da ke zuwa Maradi. Kun san yadda suke da Innarku, ita ta goya shi lokacin da aka cire ta daga lakkwal. Ban taɓa zaton ta ɗauko kaye ba a cikin wannan ruɗani. Washegarin jana'iza da safe na shiga cikin gida neman buta, sai na gan ta a bayan rumbu, ita kaɗai, nesa da matan da ke zaman makoki, kaye a gwiwa, hawaye yana ɗiga a kan takarda. Na juya zan fita ta kira ni.

"Alhaji, ban taho da ƙamus ba. Yaya ake cewa ya rasu?"

Na faɗa mata. Wannan ce kalma ɗaya tak da ta taɓa tambayata a duk shekarar. Ta rubuta layi uku, daga baya ta nuna mini: ƙanena ya rasu, na goya shi yana ƙarami, yau ina kuka. Ta aika.

Kafin azahar amsa ta zo, shafi biyu cike, da hannun Nafisa. Innarku ta kasa karanta rabinsa, sai da muka dawo Yamai suka zauna da Madam Fati suka bi shi kalma kalma. Ina nan a gefe, ba wanda ya kore ni. Yarinyar ta ce ta ga uwarta tana kuka tun jiya, ta tambaya aka ce mata ba komai. Ta ce kullum haka ne, in an yi haihuwa ko rasuwa ko faɗa a gida, ita ce ta ƙarshe da take sani, wani lokaci sai bayan sati, kuma a taƙaice. Ta ce Kaka ce mutum na farko da ya taɓa faɗa mata abu mai nauyi tun yana sabo, kamar yadda ake faɗa wa kowa. Sannan ta yi tambayoyi: yaya sunansa, me yake so ya ci, yana da dariya? Da Madam Fati ta kai tsakiya sai ta cire tabarau ta miƙa wa Innarku salular ta ce ta ƙarasa da kanta. Ta kuwa ƙarasa, tana tuntuɓe, tana komawa baya.

Daga ranar wasiƙun suka zama wani abu dabam. Nafisa ta riƙa faɗa mata abin da ko uwarta ba ta sani ba, ƙawar da ta ɓata da ita, malamar da take so, tsoron da take ji in za ta tsallaka titi don ba ta jin mota. Innarku ta riƙa ba ta labarin gidan nan tun daga tushe, wa ya haifi wa, wa ya yi rashin ji yana yaro. Sani, labarinka da akuyar maƙwabta yana Kumasi a rubuce. Kaye na farko ya cika, na biyu ya cika. Wata rana Hadiza ta ce mini cikin wasa, wasan da ke da gaskiya a ciki, wai yanzu in tana son sanin abin da ke damun ƴarta sai ta bugo Yamai.

Da aka yi bakans, babban hutun makaranta na damina, Hadiza ta zo da yaran. Rabon Nafisa da Yamai tun tana goye. Mun je tarbarsu a tasha, Innarku ta sa kaye a jaka tun da dare kamar mai shirin tafiya. Yarinyar ta sauko daga kar, doguwa, siririya, tana raɓe a bayan uwarta, tana bin bakin kowa da kallo. Innarku ba ta rungume ta nan take ba. Ta buɗe kaye ta rubuta wani abu ta ɗaga mata. Nafisa ta karanta, ta taɓa hancinta, ta taɓa na kakarta, sai ta faɗa jikinta.

Sati uku suka yi. Ta bi ta Petit Marché ta zauna a rumfa, matan da suke cewa ƴar lakkwal suka zagaye su suna kallon yadda kaye yake kai da kawo, wata har ta ce a rubuta wa yarinyar tana da kyau. Mun kai su Saga, nan bayan gari, wata Lahadi suka ga shinkafa ta yi kore shar har bakin kogi, Nafisa tana nuna abu, Innarku tana rubuta sunansa da Hausa, ita tana rubuta na Ingilishi a gefe. Ni ina biye da su da lema. In yarinyar ta dube ni sai in yi murmushi in ɗaga mata babban yatsa. Iyakar abin da ke tsakanina da ita ke nan.

Ana saura kwana biyu su koma, da la'asar, gida ya cika da ku da ƴaƴanku, kowa yana magana a kan ta wani. Su biyu suna kan tabarmarsu a gefe suna rubutu suna ƙyaƙyatawa. Na matsa na ce,

"Hajiya, me ake cewa ne haka?"

"Tsakanina da ƙawata ne, Alhaji."

Nafisa ta dubi bakina, ta dubi kakarta, ta ja kayen ta yi rubutu, sannan ta miƙo mini da bik ɗin a kai. Na gyara tabarau na karanta. Cewa ta yi, Kaka ta ce ka fi ta iya Ingilishi nesa ba kusa ba, to me ya sa ba ka taɓa rubuto mini ba?

Na tsaya da kaye a hannu. Na nemi uzuri irin wanda na saba bayarwa a biro, aiki ya yi yawa, ido ya yi rauni, na ga babu wanda zan iya rubutawa yarinyar nan tana kallona. Innarku ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zanenta, ba ta taimake ni ba, ba ta kuma ƙara mini ba. Na ɗauki bik na rubuta mata gaskiya: na ji tsoron in yi kuskure ki gani.

Ta karanta. Ta dubi kakarta, ta sake dubana, sai ta fashe da dariya, dariya mai ƙarfi wadda ita ba ta jin ta, har duk tsakar gidan aka yi tsit aka juyo. Ta karɓi bik ta rubuta a ƙasan nawa: Kaka tana yin kuskure a kowane layi, kuma ban taɓa kasa gane ta ba. Sannan ta matsa gefe, ta share ƙasar da ke kan tabarma da tafin hannunta, ta bubbuga wurin.

Na cire takalmina na zauna.